Gaisuwa a Gindin Tsani

Ana idar da sallar asuba muka ɗaure tsaninmu a saman wata tsohuwar bas a tashar Gusau. Mu uku ne: ni, da abokin aikina, da malamin da aka ɗauko ya horar da mu. Tun da Gusau ta zama babban birnin jiha benaye suke ta tsirowa, kowanne gilashi sama da ƙasa, mu masu goge tagogi kuwa kasuwarmu ta buɗe. Sai dai ɗan kwangilar da muke wa aiki ya ce ba mai ƙara hawa tsani ko riƙe shi sai da takardar shaidar horo. Aka ce a fara koya mana a Tsafe, a yi jarrabawa a Bungudu.

Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai hagu da dama. Mai ne dai babu. Direba ya tsaya wajen 'yan bumburutu ya sayi galan yana ƙunƙuni, sannan ya caje mu kuɗin kujera saboda tsanin da yake kwance a kan rufi. Muka biya, don ba ka jayayya da mai mota a shekarar da gidajen mai suke a rufe.

A Tsafe muka karya da koko da ƙosai mai zafi, duwatsun garin sun yi shar da ciyawa, sannan muka nufi wani ofis da aka ara mana. Malam ya fara da raba mu da silifa da dogayen riguna. Ya ba mu hular kwano, ya nuna yadda ake kafa ƙafar tsani a busasshiyar ƙasa, da yadda ake ɗaura igiya ta ratsa cinyoyi maimakon ƙugu kawai. Duk wannan mun ɗauka. Matsalar tana wajen abokina.

Ban taɓa ganin mutum mai ladabi irinsa ba. Ko akuya ta wuce sai ka ga kamar zai tambaye ta gajiya. A aikinmu shi ne mai riƙe tsani, ni ne mai hawa, kuma bara ya taɓa sakina don ya gaida wani Alhaji da hannu biyu, na sauko cikin duron ruwa ba shiri. To, a nan Tsafe ina sama ina murza gilashi da tsohuwar jarida, malam ya zagayo ya yi masa sallama ya miƙa hannu. Nan take ya saki tsani ya cafke hannun, har da dafa ƙirji. Tsani ya yi rawa, na cafke bakin taga.

"Ka kashe shi ke nan," in ji malam. "In ka ƙara gobe, ba takarda, ba aiki."

Abokina ya yi ta juya maganar malam har dare. Ko tsiren da muka saya bai ci na kirki ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, don bai daɗe da aure ba, kuma wannan aikin ne cinsa da shansa.

Washegari muka ratsa ta Gusau ba mu sauka ba, muka ɗauki hanyar Bungudu. Fura da nonon da muka sha a bakin tasha sun fi na Gusau kauri da araha. Sai a nan na tuna amaryar abokina 'yar garin ce. Na ce masa ya yi addu'a kada labarin zuwanmu ya kai gidan surukai. Ina! Mutum uku da hular kwano da dogon tsani, ai ko makaho ya ji labari.

A wata makaranta mai bene aka yi jarrabawar. Na kai tagar sama ke nan, na hango wani dattijo da sanda yana nufo mu. Surukin ne. Mutumin da abokina yake cire wa takalmi tun daga nesa ya zube ƙasa. Na ƙanƙame tsani ina salati.

Dattijo ya yi sallama. Na leƙo ƙasa, hannuwan abokina ba su motsa daga tsanin ba.

"Baba, a gafarce ni," in ji abokina. "Akwai mutum bisa."

Dattijo ya ɗaga kai ya dube ni, ya dubi malam, ya koma gefe ya dogara sandarsa. Wallahi ban taɓa goge taga da sauri irin na ranar ba. Ƙafata na taɓa ƙasa abokina ya watsar da takalma ya durƙusa, ya shiga jero gaisuwa da ban haƙuri.

"Tashi," in ji tsohon. "Aradu da ka saki wanga bawan Allah don ka gaishe ni, da yau ɗiyata ta kwana gidana."

Da yamma muka dawo Gusau, kowa da takardarsa, abokina kuma da ƙunshin gyaɗa daga surukai. Na koyi ɗaurin igiya da kafa tsani, amma babban abin da na dawo da shi shi ne gaisuwa tana iya jira, wanda ya faɗo kuwa ba ya komawa sama. Yau da safe a Sabon Gari ina bene na ji shi a ƙasa yana ce wa wani Alhaji, "Ranka ya daɗe, hannu sai na bisa ya sauko." Ban ko leƙo ba, na ci gaba da murza gilashina.