Sunana a Ƙasan Takarda

A shekarun da jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasar nan, duk bikinta sai an kwashi matan Zongo zuwa fili mu yi tafi. Manya kaɗai ake ba kujera a rumfa. Ni kuwa gwiwata ta hagu ta daɗe da yi mini tawaye, rumfar nan nake hange.

Da yake na yi yaƙi da jahilci, ni mai unguwa ya ba aikin rubuta sunaye. Na bi gida-gida da littafina. Duk macen da ta yi jika na sa mata Hajiya, ko da tafiyarta ba ta taɓa wuce unguwar Kégué da ke nan bakin gari ba. Haka muke kiransu, ba zan rage wa kowa girma a takarda ba. Ni da na je Makka da gaske, sai na rubuta sunana haka nan. Mutum ai ba ya naɗa kansa.

'Yata ta fari tana aiki a ofishin masu fiton kaya kusa da tashar jirgin ruwa, inda aka kawo kwamfuta. Ta karɓi littafin.

"Inna, ki huta. Zan ce wa injin duk layin da ya fara da Hajiya, ko yaya aka rubuta shi, ya hau sama. Sauran su gangara."

Na ce, "Ya san mutane?"

"Ba ruwansa da sanayya, Inna. Amfaninsa ke nan."

Na yaba ƙwarai.

Takardar ta fito tsaf, mai unguwa ya buga hatimi ya aika. Ranar biki aka yi ta kiran na sama, Hajiyoyina suna shiga rumfa ɗaya bayan ɗaya. Aka gama, ban ji sunana ba. Can ƙasa yake, tsakanin amaren bara.

'Yata ta iso a guje. "Inna! Me ya sa ba ki sa wa kanki ba?"

"Ke me ya sa ba ki duba ba?"

"Injin ai ba ya kuskure."

Gaskiyarta, bai yi ba.

Na wuni a rana ina tafi, nauyina duka a ƙafar dama. Wajen la'asar maƙwabciyata, wadda ni na kai ta Makka da alƙalamina, ta leƙo daga inuwa tana fifita.

"Hajiya, sannu da rana!"

Na ce, "Yauwa, Hajiya. Ya hutu?"