Matar da ta koya wa kwamfuta jira

Ƙarfe bakwai da kwata take isowa, kafin masu shara su gama da baranda. Ofishinta, in har za a kira shi ofis, wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene a ma'aikatarmu ta adana takardu, inda dogon mutum ba ya miƙewa sai kansa ya gaisa da siminti. Ta zura rigar aikinta mai aljihu huɗu, ta jera sukudireba a kan tsohon tawul daga babba zuwa ƙarami, sannan ta hau sama tana bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya da buroshi, tana kasa kunne ga fankar kowace. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka. Ranar Alhamis mai zuwa za ta ajiye aiki, ni kuwa na rantse ba za ta fice mana shiru ba, ko da ranta bai so.

Tsaya-Tukuna muke kiranta, kuma ita ta jawo wa kanta. Ka kawo mata kwamfuta ka ce ta mutu a jefar, ta ce tsaya tukuna. Ka ce a goge komai a huta, ta ce tsaya tukuna. Mijinta, wani tsohon direba mai ban dariya, ya taɓa gaya mana cewa akwai fitilar hannu a gidansu da ta girmi 'yarsu ta fari, kuma duk ranar da ya nufi kwandon shara da ita sai ya ji muryar nan daga kicin.

Shekara shida da suka wuce aka kawo mana sabon darakta, mai takalmi mai ƙara da son ganin komai bai ɗaya. Sati biyu da zuwansa ya fitar da umarni: kafin Juma'a a goge kowace kwamfuta a ɗora mata sabuwar babbar manhaja, wato wadda ke tada na'ura ta kuma tuƙa duk sauran manhajoji. Mu dai muka ce to. Mutum ɗaya ne umarnin ya sauka a wuyansa.

Yaya Akawu makaho ne tun yana ɗan shekara tara, kuma babu mai buga takarda a ginin nan da ya kama ƙafarsa. Matarsa ke rako shi bakin get kowace safiya, daga nan ya ƙirga takunsa har kujerarsa. Akwai wata murya a kwamfutarsa da ke karanta masa duk abin da ya buga, da wani tsohon inji da ke fitar masa da rubutun makafi. Dukansu biyu tsohuwar manhaja kaɗai suka sani. Muryar da ke cikin sabuwar tauna harshenmu take yi har ba ka gane ko gaisuwa, injin kuwa ko kallonsa ba ta yi. Da aka faɗa wa darakta haka a taro, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Wanda ba zai iya tafiya da zamani ba, ai akwai hutu," ya ce.

Kowa ya gane hutun da yake nufi. Akawu na da 'ya'ya huɗu, autarsu ba ta gama sakandare ba. Muka sunkuyar da kai, har da ni mai wannan rubutu, kuma har yau ina jin kunyar abin. Tsaya-Tukuna ce kaɗai ta fito daga taron tana huci. Wane ne ya ce dole kwamfuta ɗaya ta zauna da manhaja ɗaya?

Ran Litinin ta kwashe duk abin da ke cikin na'urar Akawu ta adana a wuri biyu, don ba ta yarda da wuri ɗaya ba. Ran Talata ta matse tsohuwar manhaja gefe, ta raba rumbun ajiyar bayanan na'urar ɗaki uku: ɗaya na tsohuwa, ɗaya na sabuwar darakta, ɗaya kuma na wata manhaja ta kyauta da ita take gyara da ita. Ran Laraba ta ɗora sabuwar. Nan ne abin ya so ya ƙwace mata, domin sabuwar tana shiga ta mamaye ƙofar shiga gaba ɗaya, kamar baƙon da aka ba ɗaki ya canja kwaɗon gida.

Akawu ya zauna, ya kunna, ya ɗora yatsunsa a kan maɓallai yana jiran muryar da ta shekara goma sha biyar tana yi masa sallama. Shiru. Ya ƙara jira. Shiru.

"Ƙanwata," ya ce a hankali, "ta tafi ke nan ko?"

Ta gaya min daga baya cewa a nan ta san da hannunta ta taɓa abincin mutumin nan. Amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Yaya, tsaya tukuna."

Ta zaro filashi, ɗan ma'ajin da manhajarta ta gyara ke ciki, daga aljihu na uku, ta tada na'urar da shi, ta leƙa. Ɗakin tsohuwa na nan, ko tsinke bai ɓata ba. Ta ɗora manhajarta ta gyara a ɗaki na uku, ta sake gina ƙofar, yadda in an kunna kwamfutar za ta nuna layi uku mutum ya zaɓi inda zai shiga. Wani mai gyaran da nan zai karkaɗe hannu ya ce aiki ya yi kyau. Ita sai ta rufe idonta ta kunna, ta zauna a cikin duhun da Akawu ke zaune. Nan ta gane layukan nan uku ba sa magana, kuma bayan daƙiƙa biyar na'urar kan yanke wa mutum hukunci ta faɗa ta farko. Mai ido ne kaɗai aka yi wa wannan ƙofa.

Yini guda ta yi a kan wannan. Ta sa ɗan lasifikan cikin na'urar ya riƙa yin ƙara sau biyu da zarar layukan sun fito. Sannan ta cire ƙirgen daƙiƙoƙin ɗungurungum. Kwamfutar ba za ta sake zaɓar wa kowa ba, sai dai ta jira, ko da za a kai la'asar.

"Yaya, in ka ji ƙit-ƙit, ka sauko sau ɗaya da maɓallin ƙasa, ka danna babban maɓalli."

Ya sauko, ya danna. Muryar ta yi sallama. Akawu ya cire tabarau ya goge fuska da hannun riga, ya ce wai ƙura ce.

Da ta so, da ta ɓoye layukan nan yadda darakta ba zai taɓa sani ba, kuma mun ba ta wannan shawara ta matsorata. Ta ƙi. Ran Juma'a da ya zo zagaye, ita da kanta ta kunna masa.

"Mene ne wannan?"

"Ta sama taka ce, Yallaɓai, tana aiki lafiya lau. Ta tsakiya idon Yaya Akawu ce. Ta ƙasa tawa ce."

"Cewa na yi a goge."

"Na ji, ranka ya daɗe. Ban goge ba, kuma ba zan goge ba. In an samo muryar da za ta karanta masa a sabuwar, ni zan fara ɗora ta. Kafin nan, sai dai a nemo wani hannun, ba nawa ba."

Ya ce a rubuta mata takardar gargaɗi yanzu-yanzu. To, sauran masu buga takardu biyu tun safe suke lalube a sabuwar manhaja, ko inda ake buɗe shafi ba su gano ba. Dole Akawu aka ba. Darakta na faɗa yana bugawa, muryar nan kuma tana maimaita kowace kalma da ƙarfi a gaban kowa, har da "rashin biyayya". Minti uku ya gama, babu kuskure ko ɗaya. Darakta ya duba takardar sama da ƙasa, ya sa hannu, ya fita, takalmin ma ya rage ƙara. Maganar hutu ba ta sake tasowa ba.

Ta biya kuɗin wannan tsayuwa, kada wani ya ce muku a banza ta sha. Sau biyu ana tsallake sunanta a ƙarin girma. Takardar kuwa ta manna ta a bango saman sukudirebobinta, tana nan har yau ta yi ja.

Ke ce kika ƙi, ranar da mu duka muka ce to. Ke ce kika rufe ido don ki ga abin da masu ido suka kasa gani. Mai rigar aljihu huɗu, gagara-goge! Daraktan ya yi gaba tuntuni, Akawu na kan kujerarsa, autarsa tana shekarar ƙarshe a jami'a. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba ki hutu na gaskiya. Ku kuma masu gyara da ke tasowa, in an miƙo muku na'ura an ce ku share, ku fara tambayar wa ke zaune a gabanta da abin da zai rasa. Rumbun yana da faɗi, ku raba shi.

Jiya aka kai wa Akawu takardar sallamarta ya buga. Tana tsaye a bayansa, ta zo karɓa. Ya kunna, na'urar ta yi ƙit-ƙit, layuka uku suka fito. Bai sauko ba, bai danna ba. Ya bar yatsunsa a kan maɓallai, kwamfutar tana jira kamar yadda aka koya mata.

"Yaya, danna mana, ina da sauran aiki."

"Ƙanwata," ya ce, "tsaya tukuna."