Ranakun Talata Shida

Davou Gyang bai taɓa yarda akwai injin da ya fi ƙarfinsa ba. Shekara ashirin ya yi yana kanikanci a Farin Gada ta Jos, da ya zo Greensboro ta Amurka ma bai canza sana'a ba, yana gyaran tsofaffin motoci a wani filin sayar da su a Gate City Boulevard. Cocinmu ɗaya. Duk wanda motarsa ta ƙi tashi ranar Lahadi, Davou zai tuɓe kwat ya shige ƙarƙashinta tun ba a roƙe shi ba. Mutumin kirki ne, amma wajen cika baki ni dai ban ga na biyunsa ba.

Da suka sayi gida a McLeansville, shi da matarsa Liyatu, sun same shi da waranti, wato yarjejeniyar da wani kamfani ke ɗaukar nauyin gyaran manyan kayan gida idan suka lalace. Liyatu ce ta nace a riƙa sabunta shi. Davou kuwa ya kafa doka cewa babu baƙon da zai taɓa masa injin ɗumama gida. Kowace kaka shi ke buɗe shi, ya kakkaɓe matatar iska ya mayar, ya goge nan, ya ɗaure can. Ranar Lahadi kuma mu sha labari.

"Mutanen nan ba su iya gyara ba, sai canji," in ji shi. "Ni sautin inji kawai nake ji in gane ciwonsa."

Wata Asabar da safe a watan Janairu, na'urar gidan mai gargaɗi kan gurɓacewar iska ta kama ihu. Liyatu ta ja shi waje, ta kira kamfanin waranti. Ma'aikacin da suka turo ya zura kyamara, ya nuna masa tsaga a jikin tukunyar ƙarfen da wuta ke ci a cikinta. Ta nan guba marar wari ke gauraya da iskar ɗaki. Davou ya ce a ba shi awa ɗaya ya yi mata walda. Mutumin ya ce ba a yi wa wannan walda, ya rufe gas, ya maƙala jan kati na hana kunna injin.

Ranar Litinin kamfanin ya aiko da sharaɗi. Idan tsufa ne ya kawo tsagar, za su canza. Idan rashin kula ne, babu ruwansu. Shaidar da suke so kuwa ita ce takardar ƙwararre mai lasisi da ke duba injin kowace shekara.

Na je gidan da yammacin ranar, na kai musu ƙaramar hita ta ɗumama ɗaki. Davou na zaune a kicin da hular sanyi. A gaskiya ya ba ni tausayi. Gida ya yi sanyi ƙalau, sabon inji ba abin wasa ba ne, kuma ya san dokarsa ce ta jawo.

"Maman Prisca, laifina ne," ya ce wa matarsa. "Ba ni da paper ko ɗaya. Claim ɗin nan za su yi denying, ba za su biya ba, kuma da gaskiyarsu."

Liyatu ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito da jakar da take ajiye kayan zumuntar matan coci, ta zaro wasu takardu daga ƙarƙashin zannuwa, ta ajiye masa. Guda shida, kowacce da hatimi da sa hannun ƙwararre mai lasisi da ya duba injin. Davou ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk watan Oktoba ne, duk ranar Talata, ranar da yake wuni a wajen gwanjon motoci.

"Shekara shida?" ya tambaya.

"Shida, Baban Prisca. Na roƙi mutumin kada ya manna sitika a jikin injin."

"Duk bakin da nake cikawa a coci, kina zaune kina ji?"

"Ina ji mana. Ai kana jin daɗinsa. Ni kuma ina so mu kwana mu tashi lafiya."

Na ɗauka zai yi faɗa, har na fara neman makullin motata. Sai ya sake duba takarda ta ƙarshe, ya yi murmushi, ya ce mutumin ya auna abin da shi bai ma san ana aunawa ba.

Kamfanin ya amince. Ranar da za a sa sabuwar tukunyar, Davou ya ɗauki hutu, abin da bai saba yi ba. Na tarar da shi a durƙushe kusa da ma'aikacin, ya riƙe masa tocila, bakinsa a rufe. Da aka kai wajen gwada gas, sai na ji shi a hankali yana cewa, "Oga, don Allah ka sake yin wannan, ban gani da kyau ba."