Ƙudaje Ukun Ishbel Gunn

A Achnaskell, can arewacin Sikotlan inda tumaki suka fi mutane yawa, in ka ce "tsohuwar tafki" ba sai ka kama suna ba, kowa ya san Ishbel Gunn kake nufi. 'Yar gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, kullum da hular ulu wadda ƙugiyoyi suka cika, kuma magana ba ta kwana a cikinta. A gidan waya ta yi aiki har ta yi ritaya, amma ita kanta ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba. Rayuwarta ta gaske tana kan Loch Skell, baƙin tafkin nan da ke bayan coci, inda kifin tirawut mai jan ɗigo yake.

Ubanta Murdo tuƙa baƙi yake yi a kwalekwale idan sun zo fatsa. 'Ya'yansa biyu, namiji da mace. Namijin da an hau ruwa sai amai. Don haka Ishbel ce ta gaji sandar fatsar, mutanen gari suka yi ta surutu har suka gaji don kansu.

A hannun uban ta koyi fatsa irin ta mutanen wurin: zare ɗaya, ƙuda uku. Ba ƙudan gaske ba, ƙugiya ce ake naɗa wa gashin tsuntsu da ulu har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci. Na wutsiya siriri ne, shi ke nutsewa. Na tsakiya yana rataye a ɗan reshen zare. Na sama kuwa buzu-buzu ne, shi ake kira mai rawa. Sai a gitta kwalekwale iska ta riƙa tura shi a hankali, ka jefa kusa, ba nesa ba, sannan ka ɗaga sanda sannu-sannu har mai rawa ya fito yana tsalle a kan ruwa. Murdo yakan ce mai rawa kira yake yi, na ƙasa su ke kamu. Kifi zai taso ya ga abin da ke damun ruwa, ya yi shakka, ya juya zai koma, sai ya ci karo da na wutsiya. Akwai kuma doka guda da ba wanda ya taɓa rubutawa, kuma ba mai takawa: ba ka fatsa da ƙullin wani. Kowa shi ke ɗaura ƙudajensa da hannunsa, don in kifi ya tsinke ya gudu ka san wanda za ka zaga.

Manema sun zo lokacin da take budurwa, kowanne sai ta ce su je tafki. Wani malamin makaranta ya cukurkuɗe zarensa ya miƙo mata ta warware masa, daga ranar bai sake ganin haƙoranta ba. Wani mai kanti kuma ya ce ai ƙuda ɗaya ma ya isa, mene ne na wahala. Shi ta sauke a ɗan tsibirin tsakiya ta ce ya jira ta, ba ta koma ɗaukarsa ba sai da rana ta yi sanyi. Daga nan aka daina zuwa, kuma ba a taɓa jin ta ce da na sani ba.

Wan nata ya mutu da wuri ya bar ɗa guda, Alick. Ita ta riƙe shi, ita ta koya masa tuƙi da jifa da ƙulli. Yanzu ga shi ƙato har da furfura a gemu, sakataren ƙungiyar masu fatsa ta garin, kuma makullin rumfar jirage a aljihunsa yake.

Bara, bayan an rufe lokacin fatsa na shekara, tana tsaye a kicin butar shayi ta suɓuce daga hannunta na hagu. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙafar ta dawo. Bakin ma ya dawo, abin da wasu suka ce da ma shi ne ya tsaya. Hannun kuwa ya ƙi. Yana nan a rataye, yatsu a lanƙwashe, ko ka mintsine shi ba ta ji. Likita ya ce mai yiwuwa ya farfaɗo, mai yiwuwa kuma ba zai farfaɗo ba. Ishbel ta ce wannan ko ita da ba ta yi karatun likita ba za ta iya faɗa.

Ana cikin tsananin sanyi Alick ya zo da wainar alkama da matarsa ta gasa, ya zauna yana ta murza hula.

"Gwaggo, mun zauna da 'yan kwamiti."

"Kun zauna? Ai da ma zaman kuka iya."

"Don Allah ki tsaya ki ji. Ba wanda ya hana ki fatsa. Mun gyara miki wuri a bakin ruwa, har benci muka kafa. Ƙuda ɗaya, ni zan riƙa ɗaura miki."

"Kai za ka ɗaura mini."

"Eh mana."

"Kai da na share wa majina? Kai da ka yi shekara kana ƙulli yana kwancewa kafin ya taɓa ruwa? To madalla. Sai kuma ka riƙa tauna mini abinci."

"Gwaggo, ƙugiya uku a cikin iska, jirgi yana tangaɗi, hannu ɗaya! In ɗaya ta shige hannun nan ba za ki ma sani ba sai kin ga jini. In kin faɗa ruwa kuma da me za ki kama jirgin? Ni me zan ce wa mutane?"

Gaskiya ya faɗa, kuma shi ya fi ba ta haushi. Alick ba mugu ba ne, tsoro yake ji, don ita kaɗai ta rage masa a dangin ubansa. Amma ita da ta dubi bencin nan a zuciyarta, kabari ta gani mai wurin jingina. Ta san kifin kirki ba ya zuwa gaɓa gaishe da tsofaffi, kuma ta san ranar da ta yarda wani ya ɗaura mata ƙuda, ranar ta tashi daga 'yar Murdo ta koma abar tausayi.

Suka yi ta ja har shayi ya huce. A ƙarshe aka tsayar da sharaɗi. Ranar buɗe fatsa, Alick zai tuƙa ta da kansa. Ita za ta ɗaura ƙudajenta uku ba taimakon kowa. In ƙullinta ya kwance, ko ta ji ciwo, ta bar jirgi har abada ta koma benci.

"In kuma ban yi ba," in ji ta, "ka tumɓuke bencin nan ka kai wa surukarka."

Da ya fita ta ɗauko guduma ta kafa ƙusa a teburin kicin, teburin da uwarta ba ta yarda a ɗora masa ko kofi mai zafi. Ta maƙala zare a ƙusar, ta kama ɗaya bakin da haƙori, ta shiga koyon abin da ta iya tun tana 'yar firamare. Zaren roba ne, santsi gare shi, ba ya jin lallashi. Ya yanka mata leɓe, ya zame, ya nannaɗe, ya yi ƙulli inda ba a sa shi ba. Ta yi zagi, ta yi jifa da almakashi. Wata rana ta ɗaga mataccen hannun da na dama ta sake shi ya faɗi tim a kan tebur, ta kifa kai ta yi kuka na gaske. Da ta gama ta wanke fuska ta koma wa ƙusa. Maƙwabciyarta ta ce ta kawo mijinta ya ɗaura mata a ɓoye, wa zai sani? Ishbel ta ce kifi zai sani.

Ranar buɗe fatsa ta zo da sama a lumshe, iska daga yamma, ruwa yana 'yar rawa, irin ranar da mai fatsa ke roƙo. 'Yan kwamiti duk sun hallara a bakin rumfa, kowa wai injin jirginsa yake dubawa. Alick ya karɓi zarenta ya ja ƙulli ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya bai kwance ba. Ta fizge kayanta ta shiga jirgi ba ta kama hannun da ya miƙo ba.

Ya kai su can saman iska, gefen da take tasowa, ya gitta jirgin. Ta jefa. Ƙudaje uku suka kwanta a jere, ta ɗaga sanda, mai rawa ya fito yana tsalle. Irin wannan fatsa ta kusa hannu ɗaya ya ishe ta, kuma Ishbel ta san haka tun kafin ta yi sharaɗi, don ba wawiya ba ce. Amma kifi ba su san ana jarrabawa ba. Suka wuce tsibirin mai kanti, shiru. Kafaɗarta ta fara ƙuna.

"Ko mu ɗan huta, Gwaggo?"

"In ka gaji ka sauka."

Dab da duwatsun gabas ruwa ya kumbura a bayan mai rawa. Ta tsayar da sandar cak, ta bar ƙudan yana lilo, kamar yadda Murdo ya koya mata. Sai baki ya buɗe ya rufe, sanda ta lanƙwashe har ƙasa.

"Babba ne!" Alick ya miƙe tsaye.

"Zauna kafin ka kifar da mu, sakarai!"

Ta tokare gindin sanda a ƙugu, ta danne zare da yatsa, in yana buƙatar ja ta ja da haƙori. Kifin ya yi nesa, ya dawo, ya yi ƙasa. A hankali ta janyo shi kusa. To, duk mai fatsa da ƙuda uku ya san masifar kifin da ya kama na sama: sauran biyun suna nan a sake a bayansa, suna neman abin da za su sarƙe, ko ciyawa, ko komar ɗaukar kifi, ko filafilin tuƙi. Ishbel ta fi kowa sani. Amma jiki bai san an yi masa rashi ba. Da kifin ya zo gefen jirgi, kafaɗarta ta hagu ta yi abin da ta saba yi tun zamanin Murdo, ta wurga hannun waje wai zai ɗauki koma. Daidai nan kifin ya yi tsalle, ƙudan wutsiya ya tashi sama ya kafe a tudun babban yatsanta. Kifin ya nutsa ƙarƙashin jirgi, zaren sama ya gogi ƙarfen gindin jirgin ya tsinke, sanda ta miƙe fayau.

Yanzu ba abin da ke riƙe da kifin sai ƙugiyar da ke cikin naman hannunta. Jini ya fara ɗiga a ruwa. Alick ya zaro wuƙa.

"Kar ka taɓa zaren nan!"

"Gwaggo, jini!"

"Ina da ido. Ɗauki koma."

"An gama ai, kin ji ciwo, bari in yanke..."

"Alick." Muryarta ta canza, har ya tsaya da wuƙa a sama. "Zafi nake ji."

"Shi ya sa na ce bari in..."

"Kai kurma ne? Na ce maka zafi nake ji! A nan! Kamar an sa mini garwashi!"

Sai a lokacin maganar ta shige shi. Ya dubi hannun. Kifin yana fizga, kowace fizga tana yamutsa fuskar tsohuwar, ga hawaye ga dariya. Yatsu biyu, manuni da na tsakiya, suna motsi a hankali suna rawa, har suka rufe a kan zaren.

Ya yar da wuƙar ya ɗauki koma. Kifin ya shigo, ƙato, ruwan zinariya da jan ɗigo, mai rawa kafe a leɓensa. Daga bakinsa zuwa hannunta ƙulle-ƙullen ƙusar kicin ne, kuma ko ɗaya bai motsa ba. Ta dube shi ta more, sannan ta ce a mayar da shi ruwa, ya yi aikin da likita ya kasa.

Cire ƙugiyar ya ɗauki lokaci. Ta yi ta ihu tana zaginsa, shi da kwamitinsa da bencinsu, ana jiyo ta har rumfar jirage, kuma ba a taɓa jin mutum yana zagi da farin ciki haka ba. Ya ɗaure hannun da hankici.

"To," in ji ta, "sharaɗi sharaɗi ne, ba na cin amana. Na ji ciwo. Ka je ka faɗa musu. Amma ka faɗa daidai, ka ce ta ji shi. In ka rage ko kalma ɗaya, ban yafe maka tuwon hatsin da na ɗura maka ba."

Alick ya goge ido da bayan hannu, ya kama filafili ya juya jirgin. Ta zuba ido ta ga ko rumfa za su. Sai ta ga ya ba rumfar baya, ya nufi saman iska.

"Ina kuma za ka?"

"Iska ba ta lafa ba tukuna." Ya laluba aljihu ya ajiye makullin rumfar jirage a kan cinyarta. Da ya ga ta zaro sabon zare, bakinsa ya riga hankalinsa: "Kawo in ɗaura mi..."

Kallo ɗaya ta yi masa ya haɗiye sauran.

Babu ƙusa a cikin jirgi. Ta kama bakin zaren da haƙori, ta ɗora hannun hagu a gwiwa, ta tura ɗaya bakin ƙarƙashin yatsun nan biyu. Suka danne shi.