Tulin Ciyawa a Ƙofar Gidan Alhaji

Hannunta na fara gani kafin fuskarta. Ina tsugune a bayan ƙyauren gidan Alhaji ina goge wuƙar inji, sai na hango ta kafar ƙofa wani hannu ya sauka kan tulin ciyawar da na zuba a bakin lungu, ya damƙo cike da tafi, ya kai hanci. Ta shinshina, sannan ta cika kwandonta ta aza a ka ta wuce. Ranar Alhamis ce, bayan la'asar, a farkon bazara. Ni kuwa a lokacin na karance littattafan soyayyar da ake bayarwa haya a rumfar bakin tasha kaf, wasu har sau biyu, don haka na san abin da ake nufi idan budurwa ta shinshina abin da hannun saurayi ya taɓa.

Alhajin da nake yi wa aiki ɗan kasuwa ne mai zirga-zirga tsakanin Bagudo da Kwatano. A wani otal can ya ga tsakar gida shimfiɗe da koriyar ciyawa kamar darduma, ya ce shi ma sai ya yi. Ya taho da irinta cikin buhuna, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayo wani tsohon injin yanka mai tari kamar wanda ya shekara yana shan taba. Ni aka damƙa wa injin, saboda na gama sakandare ina zaune, kuma Alhaji ya ce ɗan boko ba zai yanke yatsansa ba. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Wani dattijo daga Geza ya daɗe tsaye, ya ce tun yana yaro yake yaƙi da haki a gona, bai taɓa ganin mai ba shi ruwa safe da yamma ba sai yau. A ranar aka laƙaba mini wanzamin ciyawa.

Kowace Alhamis nake aski. Da can a bayan gida nake zubar da abin da na yanka. Ranar da na fara ganinta ma tayar baro ce ta fita, na juye a ƙofa da niyyar kwashewa daga baya. Daga ranar baro bai sake sanin hanyar bayan gida ba. Nakan tsince tsakuwa daga cikin tulin, in yayyafa masa ruwa, in gyara kansa ya yi tsini kamar tulin tumatir a kasuwa.

Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ne, kowace unguwa da kwamitinta, kuma saurayi ba ya tsayar da budurwa a hanya haka kawai idanu ba su yi masa caa ba. Ciyawa kuwa ba ta da laifi. Takan ce, "Sannu da aiki." In ce, "Yauwa, sannu." Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan wata biyu cur. Sauran ni na cike da kaina. Na yanke cewa rago take kiwo, fari mai baƙin kunne, wanda ta rena tun yana ɗan ƙarami mai shan nono a kwalba. Na ga ragon yana ƙiba da aikin hannuna. Na ga ranar da za ta ce ba za ta iya sayar da shi ba, don akwai wanda take tunawa in ta dube shi.

Ana nan sai ga duba-gari. Dogo ne, siriri, cikin kakin da guga ya sa yake ƙyalli, da littafi a hammata. Tun da aka fara rubuta wa'azin tsafta a bangon masallatai ya ƙara tsawo.

"Kai, wanzami! Wa ya zubda wanga shara ga hanya?"

"Ba shara ba ce, Baba, ciyawa ce."

"Haki yana tsaye bisa ƙasa. In ya kwanta ga hanya ya zama shara. Ruwan fari na tahe, ina za shi kai ta? Kwata. Kwata ta toshe, sauro ya haihu, ɗiyan mutane su kwanta. Kwashe ta yanzu."

Gaskiya ya faɗa, na sani. Na kwashe yana kallo, ya sha kwana na mayar. Alhamis ta gaba ya dawo, ya buɗe littafi ya rubuta takardar tara ya miƙa wa mai gadi.

Ba kuɗin ne ya dami Alhaji ba, sunan ne. "A ce gidana aka ci tarar ƙazanta? Gidan da aka zo kallo daga Bahindi?" Ya ce in tarar ta tabbata, zan haƙa rami a bayan gida da hannuna, kuma ko tsinke ɗaya ba zai sake kaiwa ƙofa ba. Na ji kamar kabarina aka ce in haƙa. In babu tuli, babu abin da zai biyo da ita lungunmu. Na roƙe shi ya bar ni in kai kuka gun mai unguwa. Ya dube ni ya ce bai san ina kishin gidansa haka ba.

Mai unguwa tsoho ne mai son raha, kuma ba ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba. Ya ce a tara ciyawar kamar kullum, zai zo Alhamis bayan la'asar. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar katanga. Masu dawowa daga masallaci suka tsaya, mai shayi ya bar tukunyarsa. Duba-gari ya yi bayaninsa a taƙaice. Ni kuwa kwana uku ina shirya nawa.

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, abin da wata rai take jira da ɗoki, take kwana tana tashi da begensa, ba a kiransa shara."

"Wace rai?"

"Rago, ranka ya daɗe."

Aka yi dariya. Na daure.

"Na wa?"

"Na wata baiwar Allah. Fari ne, mai baƙin kunne. Da wannan ciyawar yake rayuwa."

Mai unguwa ya shafa gemu. Ya ce magana ta yi sauƙi: abin da dabba ta ci abinci ne, abin da ta ƙi shara ne. Ya aika a jawo akuyarsa. Nan hankalina ya kwanta, don duk unguwa an san akuyar nan. Ta ci sabulun wanki, ta ci leda, ta taɓa cin rabin hular ladan da aka shanya.

Aka kawo ta gaban tulin. Ta sunkuya, ta shinshina, ta yi atishawa sau biyu, ta ja da baya. Aka tura ta, ta kafe ƙafafu. Na damƙo na kai mata baki ina lallashi, ta kau da kai kamar amaryar da aka ɓata wa rai. Sai ta juya ta kama gefen littafin duba-gari ta fara tauna.

"To, kun gani!" in ji shi, yana fizge littafin. "Takardata ma ta hi hakinka daɗi."

Mai shayi sai da ya zauna ƙasa don dariya. Ina tsaye ina jin ramin nan yana buɗewa a bayan gida, sai ga budurwar nan ta shigo lungu da kwandonta. Ta ga taro ta tsaya, ta durƙusa ta gaida mai unguwa.

"Ɗiyata, ke ce mai ɗibar wanga haki?"

"Ni ce, Baba."

"Ya ragon?"

"Wane rago?"

"Fari, mai baƙin kunne."

Ta dubi mai unguwa, ta dubi jama'a, ta dube ni. Karo na farko ke nan da ta dube ni sosai. "Mu ba mu da ko kaza, Baba. Masunta ne mu. Kihi muke ruhewa da shi."

Ta yi bayani ba tare da wani ɗar ba. Da zafin nan, ɗanyen kifi ba ya kaiwa kasuwa daga bakin gulbi sai an shimfiɗa masa jiƙaƙƙiyar ciyawa sama da ƙasa. Ta bakin ruwa shanu sun cinye, wadda ta rage kuma kaushi gare ta, tana kuje karfasa. Wannan ta inji laushi gare ta, tana riƙe ruwa. In ta gama sayarwa ranar Alhamis sai ta biyo ta ɗiba.

Sannan ta juyo gare ni. "Dama akwai maganar da nika son hwaɗa maka tun tuni."

 Na san wannan shafin a littattafan soyayya. A gaban jama'a kuma!

"Ka gyara injinka. Fetur yake zubarwa cikin hakin. Sai mun wanke shi sau uku ga gulbi, in ba haka ba masu saye su ce kihinmu warin mota yake."

Ashe abin da take shinshinawa ke nan tun ranar farko. Ita da akuya ra'ayinsu ɗaya.

Da dariya ta lafa, mai unguwa ya yanke hukunci. Ya ce abin da ke da mai ɗiba ba shara ba ne, a yafe tara. Amma duba-gari ma ya yi gaskiya, hanya ta jama'a ce, ba a sake tuli a kanta. A gyara inji, a riƙa ɗura ciyawar a buhu tun daga cikin gida. "Kuma tunda wanzami na da tausayin dabbobi haka, shi za ya riƙa kai masu har bakin gulbi, ya hutar da ɗiyar mutane." Ya dube ni ta ƙasan ido. "Ragon kuma, Allah shi raya."

Alhaji ya yi murna har ya ba ni aron keke. An ce na ci shari'a. Kowace Alhamis in ɗaura buhu biyu in nufi gulbi, gumi har cikin ido. Lokacin da nake isa tana kasuwa. Kawunta nake tararwa yana ɗinkin taru, ya karɓa, ya shinshina, ya ba ni labarin wani giwan ruwa da ya kuɓuce masa tun ba a haife ni ba. In na juyo, sai a-kori-kurar 'yan kasuwa ta wuce ni a hanya, ita tana baya cikin kwanduna. Sau ɗaya ta ɗaga hannu. Har yau ban tabbata ba ko ni ta ɗaga wa, ko mayafinta take gyarawa. Lungunmu kuwa bai sake ganinta ba. Da damina ta kankama ciyawa ta cika ko'ina, kawun ya ce in huta.

Bayan shekaru, ina koyarwa a firamare, na je Dole Kaina ranar kasuwa sayen kifin suna, matata ta haihu. Aka nuna mini rumfar wata Hajiya da aka ce har daga ƙetaren iyaka ake zuwa sari a gurinta. Manyan kuloli ne jere cike da ƙanƙara, babu ko tsinken ciyawa. Ta yi jiki, ta sa haƙorin Makka, tana ba ma'aikata umarni da Hausa da Dandanci. Na sunkuyar da kai ina taya wata tarwaɗa.

"Mai rago!"

Ta kira 'ya'yanta mata biyu ta ce su zo su ga mutumin da ya ba ta rago a gaban mai unguwa, su kuma suka fashe da dariya irin ta waɗanda suka sha jin labarin. Ta zaɓo mini kifi da kanta, ta ƙara babba a kai ta ce na mai jego ne.

"To, ya yake? Ya yi ƙiba?"

Na ce, "Yana nan, Hajiya. Ba ya ci, ba ya tsufa."

Ta ɗauki kifin ta kai hanci ta shinshina, sannan ta miƙo mini.