Waƙar Goshin Jirgi

Duk wanda ya yi makarantar kwana ta bayan garin Yelwa, zamanin da Yawuri ke cikin Jihar Sakkwato, ya san Ladan kuku. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ga faɗa kamar me, amma bai taɓa bari yaro ya kwana da yunwa ba. Abin da ɗalibai ba su sani ba shi ne, hannun nan da ke juya muciya da filafilin tuƙa jirgin ruwa ya fara.

A gungu aka haife shi, tsibiri a tsakiyar Kwara, inda Gungawa ke noman albasa da kamun kifi. Da aka datse ruwa a Kainji, gungun ya nutse da gonakinsa da kaburburansa, har da na uban Ladan. Aka kwaso su zuwa bakin gaɓa. Ranar da ya fara shiga kasuwar Yelwa da kwandon kifi, ya buɗe baki da Hausarsa ta Bagunge, 'yan kasuwa suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Abin ya ci shi ƙwarai. Saboda haka da aka haifa masa ɗiya, Halimatu, sai ya kafa doka: ba mai yi mata Gunganci a gidansa. Har uwarsa, Inna Mairo. Tsohuwa ta dube shi, ta koma yi wa jikarta rawa da 'yar guntuwar Hausar da take da ita.

To, ga inda Ladan ya yi wauta, kuma wallahi wauta ce. A gidansu, duk shekara bayan an cire albasa, sai a shiga jirgi a tafi saman gungun da ya nutse, a yi wa magabata addu'a, a gaya musu wanda aka haifa da wanda ya rasu. Ruwa kuwa ba shi da alama. Waƙa ce ke nuna hanya, tsohuwar waƙar tuƙi da aka saba da ita tun gungun yana tsaye: wane dutse za ka sa a kafaɗar hagu, wace kuka za ta ɓuya bayan tudu kafin ka karkata. Mace ce ke zama a goshin jirgi tana rerawa, kaka ta koya wa jika. Maza suna baya suna tuƙi, amshi kawai suka sani. Shekara da shekaru Ladan yana amsawa, bai taɓa tambayar kansa wa zai zauna a goshin nan bayan Inna ba.

Halimatu ta girma da Hausa tsantsa, ta ci jarrabawa ta shiga makarantar da ubanta ke dafa abinci. Makaranta ce mai tara jama'a: 'ya'yan Yarabawa, 'ya'yan Ibo, Nufawa, har da 'ya'yan malaman da suka zo daga Ghana da Indiya. Turanci ne doka, wanda aka kama da yarensu sai yankan ciyawa.

Sai wata malama 'yar Indiya ta ga ɗanta ya fara mance yarensu, hankalinta ya tashi. Ta matsa wa shugaban makaranta har ya ba da awa ɗaya ranar Asabar, kowa ya zauna da 'yan yarensu. Yarabawa suka fito da littattafai, Ibo suka fito da nasu, Hausa kuwa ba a magana. Gunganci ba littafi, ba malami. Aka ce a kira kuku.

Lokacin idon Inna ya fara hazo, ƙafa ta ƙi. Ladan ya riga ya fara lissafin abin da ya yi, yana jin tsoro. Ya wanke hannu, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zauna gindin mangwaro yana jira. Yara tara ne Gungawa a rajista. Uku suka zo. Asabar ta gaba ɗaya ya zo, shi ma ƙarin miya yake nema. Sauran suna ajin Hausa, don ita ce ake yi wa jarrabawa. Cikinsu har da Halimatu.

Ya tare ta a bayan kicin. "Ke, kowa ya guje ni, har da ke?"

"Baba, ai kai ka hana," in ji ta. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi.

Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya gaya mata gaskiya: Inna ta kusa, kuma in ta tafi da waƙar nan, ba mai sake gane inda kakan Halimatu yake kwance. Yarinya ta ji tausayinsa ta fara zuwa. Su biyu a gindin mangwaro, uba da ɗiya, yana koya mata abin da da kyauta za ta sha da nono. Ta iya gaisuwa, ta iya ƙirga har goma, ta san sunan kifi biyar. Harshenta ya riga ya bushe, in ta yi magana sai ya ji kamar baƙuwa. Kafin shekara ta zagayo, aikin malamar Indiya ya ƙare ta koma ƙasarsu, aka mai da awar Asabar ta sharar fili. Ba wanda ya ko tambaya.

Da hutu ya zo, Halimatu ta ɗauki littafin rubutu ta zauna gaban kakarta. Tsohuwa tana rerawa a hankali, numfashi na yankewa, yarinya tana rubuta abin da kunnenta ya ji da baƙaƙen boko, ba tare da ta san ma'anarsa ba. In ta ce a maimaita, sai tsohuwa ta koma tun daga farko, don ita ba ta san waƙa gunduwa-gunduwa ba. Haka suka yi ta fama. Sun kai baiti uku aka koma makaranta. Da damina ta yi tsakiya Inna Mairo ta rasu. Abin da ta bar wa Ladan kalma ɗaya ce: in an cire albasa, a je a gaya wa ubansa ta iso.

Aka cire albasa. Ladan ya ari jirgin maƙwabcinsa Sallau, suka fita da hantsi. Halimatu ta zauna a goshi da littafinta a cinya, tana karantawa, ba rerawa ba. Ladan ya kasa kunne yana tsinto ma'ana cikin karkatattun kalmominta. Baiti na farko ya gane, ya sa dutsen a hagu. Na biyu, kuka ta ɓuya bayan tudu, ya karkata, har zuciyarsa ta fara sanyi. Na uku ya kai su tsakiyar ruwa. Ya yi amshi da ƙarfi yana jiran na huɗu.

Halimatu ta juya shafi. Fari fat.

Ya duba gabas, ya duba yamma. Ruwa ne kawai, ko'ina iri ɗaya. Ya sake yin amshin, ya sake, ko bakinsa zai tuno abin da kunnensa ya ji shekara talatin. Ina! Muryar Inna yake ji sarai, kalmomin ne babu.

"Baba, nan ne?"

Ladan ya daina tuƙi. Ya ɗora filafili a kan gwiwa, ya sunkuya ga ruwan da bai san na wane ne ba, ya ce da Gunganci, "Baba, in kana kusa, Inna ta iso. Ni na ɓatar da hanya, ku gafarta mini."

Halimatu ta waiwayo, iska na kaɗa shafin littafin.

"Baba, mi ka ce?"

Sai da ya sake faɗa mata da Hausa.