Ba'ana da Buhu Uku na Littattafai

Ba'ana Modu ba malami ba ne, ko da yake rabin mutanen unguwar Abbaganaram ta Maiduguri Malam suke kiran sa. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinka gafaka, jakar fatar nan da ake adana Alƙur'ani rubutun hannu a ciki, kuma a gindin wannan sana'a ya tashi. Tun bai iya haɗa baƙi ba ya san yadda ake ɗaga tsohuwar takarda ba ta kakkarye ba. Da ya gama karatun tarihi sai ya samu aiki a wata ƙaramar cibiya da ke wajen unguwar Jiddari Polo, wadda aikinta shi ne neman tsofaffin rubuce-rubucen Barno, a share su, a liƙe inda suka yage, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su.

Matsalar ita ce ba mai yarda za a mayar. Gidaje da yawa sun taɓa bai wa baƙi aron littafin kakanni, har yau shiru. Don haka Ba'ana ya daina cewa a ba shi. Shi yake zuwa da burushinsa da ƙaro da siririyar takardar liƙi, ya zauna a zaure ya yi aikin a gaban mai gida. Wani gidan sai ya yi zuwa bakwai, ya sha shayi, ya je suna, ya je gaisuwar mutuwa, kafin a nuna masa falle ɗaya.

Abokin aikinsa Yoila ne, Kirista daga kudancin Barno, shi ke tuƙa mota shi ke ɗaukar hoto. Shekara goma sha ɗaya suna tare. Yoila bai taɓa kai hannu kan Alƙur'ani ba. Ba'ana ne ke juya falle, shi kuma ya danna kyamara, kuma saboda wannan ladabi malamai da yawa suka saki jiki da shi. Bai iya karanta Larabci ba, amma da ido yake gane hannun marubuci, ya ce wannan da na gidan wane mutum ɗaya ya rubuta su, in an bincika a tarar haka ne.

A wani ƙauye bayan Konduga akwai wani tsohon mahaddaci, Goni Sa'id, wanda ya gaji littattafai tun daga kakan kakansa. Akwai Alƙur'anai masu ƙananan bayanai da tsohon Barbarci a tsakanin layuka, da wasiƙu, da littattafan magani. Shekara uku Ba'ana ya yi yana zarya kafin tsohon ya buɗe masa akwatin. Ko kashi ɗaya cikin uku ba su ɗauka a hoto ba hanya ta lalace, 'yan bindigar daji suka fara bin ƙauyuka suna ƙonawa.

Wata Laraba da hantsi, a shekarar da aka watsa ƙauyukan yankin, Fanna 'yar Goni ta shigo cibiyar ba takalmi, ƙafafunta duk sun tsattsage. Ta ce ranar Litinin bayan azahar 'yan bindigar suka zo a kan babura. Suka tara maza a ƙofar masallaci, suka ce Goni ya tashi ya faɗa wa jama'a cewa duk abin da ya karantar da su ɓata ne. Ya ƙi. Suka kwantar da shi suka yanka shi a gaban almajiransa da 'ya'yansa, sannan suka buɗe wa sauran wuta. Ita ta cikin gonar dawa ta tsere.

"Tun satin da ya wuce Baba ya zuba su a buhu," in ji ta. "Suna ƙarƙashin gero a rumbun tsakiya. Ya ce in na rayu in faɗa maka, Malam. Kai kaɗai."

Shugaban cibiyar ya ce ba wanda zai je ko'ina. Suwaiba matar Ba'ana ta tambaye shi ko takarda za ta riƙe masa 'ya'yansa huɗu in an kashe shi. Duk da haka da safiyar Alhamis ya fito da niyyar shiga motar haya, sai ya tarar da Yoila a ƙofar gida cikin tsohuwar motarsa. Ya roƙe shi ya koma, ya ce mutanen nan in suka ji sunansa kawai ba za su tambaye shi komai ba.

"Kai ma ba tambayar ka za su yi ba, Yaya," in ji Yoila. "Buhu uku a ka za ka ɗauko su? Shigo."

Suka bi ayarin motoci har Konduga, daga nan suka sauka titi suka bi hanyar amalanke su kaɗai. Tun kafin su ga ƙauyen wari ya tare su. Bukkoki sun zama toka, awaki ƙonannu a turke, ungulaye sun cika ƙofar masallaci ko tashi ba su yi ba da motar ta tsaya. Ba'ana ya ƙirga gawa goma sha tara, ya daina. Rumbun tsakiya ya ƙone daga sama, geron yana ta cin wuta a hankali har lokacin. Da fartanya da hannu suka yi ta yaye shi, tafukansu suna saɓulewa, har suka kai ga buhunan. Sun yi zafi, amma wuta ba ta taɓa su ba.

Da a nan suka juya, da sun tsira. Amma Ba'ana ya gane Goni ta jan carbin da ke wuyan hannunsa, ya ce ba zai bar shi wa tsuntsaye ba. Yoila bai yi musu ba, ya ɗauki fartanyar ya shiga haƙa. Suka naɗe tsohon a tabarmar masallaci, Ba'ana ya yi masa salla shi kaɗai, Yoila yana tsaye a gefe da hula a hannu. Wannan ya cinye musu fiye da awa guda.

Ba su yi nisa da ƙauyen ba babura biyu suka ɓullo daga cikin dawa, mutum huɗu. Yoila ya taka mota. Harbin farko ya fasa gilashin baya, na biyu ya shiga ta ƙofa ya same shi a ƙirji. Motar ta kauce ta daki kututturen aduwa, kan Ba'ana ya bugu da ƙarfe, jini ya rufe masa ido ɗaya. Aka fizgo shi waje aka yar a ƙasa. Wani dogo mai tabo a leɓe ya taka masa wuya da takalmi yana tambayar sa da Barbarci ko shi ɗan leƙen asirin soja ne. Suka kwashe kyamara da waya da katin shaidarsa. Ɗaya ya farke buhu da wuƙa, takardu suka zubo, ya ɗaga falle ɗaya ya duba, ya ce ai kayan tsohon nan ne mai taurin kai. Ya zuƙo fetur daga babur ya watsa wa buhun, ya kyasta ashana.

Ba'ana bai san lokacin da ya ƙwace ya yi kan wutar ba. Dogon ya ɗaga adda ya kawo masa sara a ka, ya tare da hannun dama. Bai ji zafi ba a lokacin, sai dai ya ga yatsunsa uku a kan yashi. Dogon ya sake ɗagawa ke nan sai ƙarar jirgin sama ta taso daga yamma. Suka dubi sama, suka haye babura, suka shige cikin dawa. Jirgin ya wuce abinsa, ko sanin suna wurin bai yi ba.

Da yashi da rigarsa ya kashe wutar, sannan ya rarrafa wurin Yoila. Yana numfashi da ƙyar, jini na fitowa ta baki. Ba'ana ya danne raunin da hannun hagu yana cewa yanzu za su tafi, yanzu za a zo.

"Ka faɗa wa Talatu," in ji Yoila, yana nufin matarsa, "ni na kawo kaina. Ba kai ka ja ni ba."

Bai ƙara magana ba. Ba'ana ya ɗaure dungulmin hannunsa da igiyar buhu, ya ja da haƙori har jinin ya rage. Motar ta ƙi tashi. Ya ja gawar abokinsa zuwa gindin aduwar, ya lulluɓe ta da rassan ƙaya saboda namun daji. Daga nan ya shiga jigilar buhunan ɗaya bayan ɗaya: ya kai wannan taku ɗari, ya ajiye, ya koma ya ɗauko wancan. Sau biyu yana suma. Wajen la'asar wani manomi da ke gudun hijira da iyalinsa a amalanken shanu ya tsince shi, ya kai shi bakin kwalta, wata motar itace ta ɗauko shi zuwa Maiduguri.

A bakin gari samarin sintiri na wata unguwa suka tare motar. Suka ga mutum ba riga, jina-jina, yana warin fetur, ba katin shaida, ga buhunan takardun Larabci. Ba wanda ya saurari bayaninsa. Gorar farko ta same shi a baki ta zubar masa da haƙora biyu. Suka sauke shi ƙasa suka rufe shi da duka, da gora da bel da ƙafa, har ya ji haƙarƙarinsa ya ɓalle. Jama'a suka taru ana cewa an kama ɗaya daga cikinsu. Wani ya gangaro da tsohuwar taya ya rataya masa a wuya, wani ya tafi neman ashana.

Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin hanya, Ya Falmata, ta kutsa cikin taron don ta gani. Ta duba fuskar da ta kumbura, ta ƙara dubawa, sai ta faɗa a kansa da jikinta gaba ɗaya. Gora ɗaya ta same ta a kafaɗa kafin su janye.

"Ku ƙone mu tare," in ji ta. "Wannan Malam Ba'ana ne na Abbaganaram. Kwana tara ya yi a zaurena yana gyara Alƙur'anin mijina, ko ruwan shayi sai na matsa masa yake sha. Kai Mahmud, ba kai kake kawo masa tabarma ba?"

Saurayin da ta kira, wanda ke riƙe da gora, ya sunkuya ya duba, ya cire tayar da kansa. Su ɗin dai suka kai shi asibiti a Keke Napep, buhunan a kan cinyoyinsu.

Bayan kwana uku 'yan'uwan Yoila suka samu rakiya suka ɗauko gawarsa, ta hanyar kwatancen da Ba'ana ya yi musu daga gadon asibiti. Da aka sallame shi, gidan Talatu ya fara zuwa kafin nasa. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya isar da saƙon kamar yadda aka ba shi. Ta ce ta sani, domin ita ma ta hana Yoila bai hanu ba. Ta ce ba ta riƙe shi da komai ba, amma tana roƙon sa kada ya ƙara zuwa, ganin sa yana tayar mata da ciwo. Bai ƙara zuwa ba. Suwaiba ce ke zuwa a madadinsa, har Talatu ta kwashe 'ya'yanta ta koma garinsu.

Hannun dama bai ƙara riƙe burushi ba. Wata shida ya yi a gida ba ya son magana da kowa, in babur ya wuce a lungu sai gumi ya karyo masa. Fanna ce ta fitar da shi. Ta zo daga sansanin 'yan gudun hijira ta ce littattafan ubanta suna nan a buhu suna warin hayaƙi, in shi ba zai iya ba ya koya mata. Ya fara da ita, daga baya ta kawo wasu mata biyar daga sansanin, duk waɗanda aka kashe wa maza. Yana tsaye a kansu yana faɗa, su suna yi: yadda ake dama ƙaro kada ya yi kauri, yadda ake ɗaga ƙonannen falle da hantsaki a kwantar da shi a kan takardar liƙi. Shekara shida suka yi a kan buhu biyun da suka tsira. Da aka gama, shugabannin cibiyar suka so a ajiye littattafan a wurinsu. Fanna ta ce a'a, Ba'ana ya goyi bayanta, aka ɗauki hoton kowane falle aka kai mata kayanta ɗakin da take haya.

Buhu na uku shi ne ya rage. Kusan rabinsa ya zama toka, sauran kuma guntaye ne, wani bai fi tafin hannu ba, ba farko ba ƙarshe. Ba'ana ya rasa yadda zai jera su, sai ya bi tsofaffin mahaddatan gari gida-gida ya gayyace su. Yanzu kowace Alhamis da safe sukan taru a barandar cibiyar, su bakwai ko takwas, Fanna ta ɗauko guntu a faranti ta zagaya da shi. Tsoho ya karanta rabin layin da ya rage, ya ƙarasa sauran da ka, ya faɗi littafin da babin, a sa guntun a mazauninsa.

Ba kullum ake dacewa ba. A makon jiya wasu biyu suka kafe a kan wani guntu mai kalma huɗu, wannan ya ce daga littafin magani ne, wancan ya ce wasiƙa ce, har ɗaya ya ɗauki sandarsa ya ce ya tafi ke nan. Ba'ana, wanda yanzu shekarunsa hamsin da takwas, ya bi shi har bakin ƙofa ya lallaso shi. Ya sa guntun a ambulan, ya rubuta ra'ayin kowannensu da sunansa a bayanta, ya ce a kawo na gaba. Akwai sauran guntaye wajen ɗari huɗu a cikin kwali.